Yadda Na Koyi Buga Rubutu Ba Tare Da Duban Hannu Ba

Ina so in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin wani abu da ya same ni bara, ko Allah ya sa wani ya ƙaru, don masu magana sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Kowa ya sani ba a fita kwalejin nan sai an rubuta kundin bincike. Nawa a kan kalmomin sana'ar ginin tukwane ne. Na sha zirga-zirga tsakanin Zuba da Kwali, ina zama wurin mata magina, ina tambaya ina rubutawa, har na cika shafi 62 da hannuna. Da na gama sai na kai wa wani saurayi mai shagon kwamfuta ya buga mini. Kuɗin da na biya shi kuwa mahaifiyata ce ta aiko mini, na ƙuli-ƙuli da man gyaɗa.

Bayan kwana huɗu na karɓo aiki, ga shi fes, na kai wa malamin da ke duba ni, ina taƙama. Kashegari ya kira ni ofis, ya miƙo mini. Kai, jama'a! Ko wane shafi ja wur da tawada, sai ka ce an yanka kaza a kai. Ashe saurayin nan ba ya jin Hausa sosai, kwamfutarsa kuma ba ta da haruffan nan masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. Inda na ce baƙin tulu, ya buga bakin tulu. Inda na ce a kwaɓa ƙasa da ruwa, ya buga kasa, sai ka ce maciji a ke kwaɓawa. Malam ya ce, "Tun cikin shekarun 1930 aka tsayar da haruffan nan cikin rubutun boko. Kai da za ka koya wa yara Hausa, kai ne za ka zubar da su? Sauran mako shida a rufe karɓa. In ba ka kawo ba, sai baɗi."

Na koma shago a guje don a gyara. Saurayi ya ce ai ya share aikin, kwamfutarsa ta cika. Kuɗi kuwa babu, kuma ba ni da fuskar da zan sake aika wa tsohuwa.

Wani abokina ya ji tausayina, ya ce zai riƙa ara mini ƙaramar kwamfutarsa awa guda ko wane dare, ya kuma sa mini tsarin haruffan Hausa a ciki. Na zauna na fara da yatsa biyu, kamar kaza na tsintar tsaba. In dubi takarda, in dubi madannai in nemi harafi, in ɗaga kai in dubi allo, in komo takarda in tarar na ɓace layi. Shafi guda ya cinye mini awar nan ƙaf, wuya kuwa kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Na yi lissafi: kwana 42, shafi 62. Ko ɗan aji biyu ya san ba ta fita.

Ran Juma'a sai na shiga mota a Zuba, ta Madalla da gindin Dutsen Zuma, na tafi Suleja wurin kawuna. Shi tsohon akawu ne, shekara 35 yana bugun tafireta kafin ya karɓi fansho. Kullum ya kan ce shi a Abuja ya koyi aiki tun Abujarmu ba ta zo duniya ba. Gaskiyarsa kuwa, don garin nasu shi ne Abuja ta asali, sai da aka yanke sabon babban birnin ƙasa a 1976 aka ba shi sunan, tsohon garin ya koma Suleja. Gwamnati ma ba ta taso daga Ikko ba sai a 1991. Niyyata in roƙe shi ya buga mini kundin, shi ke nan.

Na durƙusa na gaishe shi, na kwashe labari na gaya masa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ɗana, in na buga maka yau, gobe wa zai buga maka? Ɗauko mini akwatin can na ƙarƙashin gado."

Na jawo, na buɗe, sai ga tsohon keken rubutu ƙirar Olympia, an shafe shi da mai, yana ƙyalli. Ya sa takarda, ya ce in karanta masa shafin farko. Ina karantawa yana bugawa, idonsa na kan jikokinsa da ke wasa a tsakar gida, har yana tsawata wa ɗaya. Yatsun nan kuwa sai ka ce ruwan sama a kan kwano. Kafin in kai ƙarshe ya zaro takarda, ya ɗauki alƙalami ya lanƙwasa kan ko wace ɓ da ɗ da ƙ, ya ce haka su ke yi a zamaninsu in keken ba shi da su. Na duba, ko kuskure ɗaya babu.

Ya ce, "Allah ya ba ka ma'aikata goma, ka sallami takwas, kana kukan aiki ya yi yawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle yatsa. Ga sharaɗina. Mako uku kada ka taɓa kundin nan, koyo kaɗai za ka yi. Sauran mako ukun sun ishe ka."

Gabana ya faɗi. Na ce, "Kawu, in na zubar da rabin kwanakina, abin bai yiwu ba fa?"

Ya ce, "In ka bi taka hanyar, ka riga ka san ba ta kaiwa. Tawa ce kaɗai ba ka gwada ba."

Ga yadda ya koya mini. Layin haruffa na tsakiya shi ne gida. Yatsu huɗu na hagu su zauna a kan A, S, D, F, huɗu na dama a kan J, K, L da madannin da ke biye. Manyan yatsu biyu aikinsu dogon madannin nan na ƙasa mai raba kalmomi. Ko wane yatsa da unguwarsa, sama da ƙasa. In ya je aike ya dawo gida nan da nan, kada ya shiga unguwar wani. Manuni shi ne babban bara, don layi bibbiyu ya ke tsaro: na hagu ke da R, T, G, B, na dama ke da Y, U, H, N, M. Sa'an nan Kawu ya samo kwalin sabulu, ya yanke gefe guda, ya kifa a kan hannuwana. Ya ce, "Ido na takarda ne. Hannu ya nemi hanyarsa."

Ya ba ni aron keken na tafi da shi makaranta. Rabin awa bayan sallar asuba, rabin awa bayan la'asar, ina ta ƙwanƙwasa, da dare kuma in maimaita a kwamfutar abokina. A nan na lura da waɗansu 'yan ƙuraje biyu a kan F da J. Ashe don mai bugu aka yi su, ya lalubo gida ba sai ya duba ba. Abokan ɗakina suka sa mini suna Akawun Kwali. Na ƙyale su.

Wahalar da na fi sha ita ce ta harafin A. Wanda ya shirya madannan nan don Turanci ya shirya su, bai san da Hausa ba. Mu kuwa kusan ba kalmar da za ka faɗa ba ka ci karo da A ba. Dubi makaranta, A huɗu. To, ita A ɗin nan a ƙarƙashin ɗan autan yatsan hagu ta ke, mafi rauni duk cikin goma. Ga kuma Q da V da X, waɗanda ba ruwan Hausa da su, sun tare wuri a banza. A tafireta sai ka danna da ƙarfi kafin harafi ya fito, saboda haka mako na fari ɗan autan nan har kumbura ya yi.

Mako na biyu ya fi na fari ɗaci. Kawu ya koya mini awon sauri: ko wane bugu biyar kalma guda ke nan, a ƙirga abin da ka yi a minti ɗaya. Da yatsa biyu ina yin kalma 8. Yanzu da goma sai na ga ina yin 5. Zuciya ta ce, ka ga tsoho ya kashe ka. Na fara ɗaga kwali ina leƙe.

Ran Asabar na koma Suleja da keken. Kawu ya juya mini baya yana shan fura, ya ce in buga. Ban yi layi uku ba ya ce, "Ka leƙa."

Na ce, "Kawu, ai ba ka ganina."

Ya ce, "Kunnena ya gan ka. Mai leƙe gudu ya ke yi ya tsaya, gudu ya tsaya. Wanda hannunsa ya sani, tafiyarsa ɗaya ce kamar dakan mata biyu a turmi guda. Matan nan da ka zauna wurinsu a Kwali, ka ga suna zura wa yatsunsu ido in suna ɗaga bakin randa?"

Na tuna, na ce a'a, hira ma su ke yi da ni.

Ya ce, "To. Ladi Kwali da ka ke gani a bayan takardar naira 20, a garin nan ta yi aiki tun 1954, har aka san ta a Ingila da Amurka. Hannu ne ya kai ta. Shi kuwa hannu ba ya koyo muddin ido na yi masa aikin. Bar neman sauri. Nemi daidai, sauri zai same ka a hanya."

Na koma na bi maganarsa. Na rage gudu, ina kiran ko wane harafi a zuci, ina bugawa ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan tasbaha. Sannu ba ta hana zuwa.

Daren kwana na 19 ina cikin gwaji a kwamfuta sai aka ɗauke wuta. Ɗaki ya yi baƙi ƙirin, allo kaɗai ke haske, madannai kuwa ko alamarsu. Da can da sai in rufe in kwanta. Na lalubo 'yan ƙurajen nan biyu, na ce bari in rubuta wa tsohuwa wasiƙa ko da ba zan aika ba. Sai na ga magana tana fita daga zuciyata tana hawa allo, ban san sa'ad da yatsu ke zuwa aike su dawo ba. Har ƙ da ɗ, waɗanda sai an haɗa madanni biyu, suna fitowa da lanƙwasarsu. Na cika shafi guda cikin duhu. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Da mako uku suka cika ina yin kalma 20 a minti. Na buɗe kundi. Shafi uku a dare, wani daren huɗu, ido na kan takarda, ba ɓatan layi, ba ciwon wuya. Har na sami sukunin gyara maganata ina tafe, don hankalina ya bar neman haruffa ya koma kan ma'ana. Na kai wa Malam saura kwana biyu a rufe. Ya juya shafi bayan shafi da jan alƙalaminsa a hannu, bai sami inda zai sa shi ba sai wuri uku. Ya ce, "Wa ya buga maka?" Na ce ni ne. Ya dube ni, ya ce, "Madalla."

Daga baya na bincika asalin abin. Wani Ba'amurke, Christopher Sholes, shi ya sami takardar mallakar keken rubutu a 1868, kamfanin Remington ya fara sayar da shi a 1874. Mutanen farko ma da yatsa biyu ko huɗu su ke yi, irin nawa. A 1888 aka yi gasa a birnin Cincinnati, wani akawun kotu mai suna Frank McGurrin, wanda ya haddace madannai ba ya dubawa, ya cinye. Daga nan hanyarsa ta yi suna. Amma fa a sani, ba ko'ina shirin ya ke ɗaya ba. Wani ɗalibi mutumin Maraɗi ya ba ni tasa kwamfutar, mai shirin Faransa, na buga karatu sai ga kqrqtu, don su A tasu a sama ta ke, a mazaunin Q. Muka yi ta dariya.

Ya ku 'yan'uwa masu shirin zama malamai, wannan ba aikin akawu kaɗai ba ne yanzu. Tun 2015 hukumar JAMB, mai hedkwata a Bwari, da kwamfuta ta ke yin jarrabawarta duka, yaran da za mu koyar kuwa cikin wannan zamani za su tashi. Malami kullum cikin rubutu ya ke: shirin darasi, sakamakon yara, tambayoyin jarrabawa. Wanda ya kai tambayoyinsa shago a buga masa, ya san ido nawa suka gani kafin ranar? Wanda ya bar wa wani Hausarsa kuwa, kun ji yadda baƙin tulu ya koma bakin tulu. Awa guda a yini, mako uku, da kwalin sabulu, iyakar kuɗin ke nan. In ka ga ka koma baya a mako na biyu, kada ka karaya, kowa ta nan ya bi.

Da na mayar wa Kawu kekensa, sai ya ce in riƙe, in koya wa ƙannena da hutu, amma kada in manta da kwalin. Allah ya saka masa da alheri, ya sa mu amfani yaran da za a danƙa mana, amin.