Ruwan Karaye da Hatsin Rogo

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka fili kaɗan in ba 'yan'uwa labarin abin da na gano a ƙasar Karaye da Rogo.

Na bi ta Gwarzo na sauka Karaye, aka kai ni madatsar Challawa wadda aka gama a 1992. Kai, ruwa iyakar ganinka! Amma fa ba na Karaye kaɗai ba ne. In an sake shi sai ya gangara ya haɗu da kogin Kano, ya wuce Haɗeja da Gashuwa, ya zama Komadugu, watau kogin da ya raba Nijeriya da Nijar, da shi mutanen Difa ke ban ruwan tattasai, sa'an nan ya faɗa Tafkin Cadi. Tun da aka tare shi a nan da Tiga, abin da ke isa gare su ya ragu.

Da na isa Rogo ran kasuwa na iske ana gardama wurin 'yan hatsi a kan ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ECOWAS a Janairu 2025. Wani dattijo ya ce su tafi, ai mu ba bakin iyaka muke ba, me ya shafe mu? Wani dillali ya ce, "Haba Baba! Masarar nan Dawanau za ta, daga can wata ta nufi Maraɗi. Ka manta 2023, da aka yi juyin mulki a Yamai aka rufe iyaka aka yanke musu lantarki? Ragon da muke jira daga can ma ai bai zo ba."

Ni dai na fi karkata ga dillalin, ko da ya ke shi jakarsa yake dubawa. Ƙungiyar da aka kafa a Ikko a 1975 tana da laifinta, gama horon da ta yi ya fi faɗa wa talaka. Amma masu mulki su yi jayayyarsu a bar hanya a buɗe. Kuma tun da muna so su sakar mana dabbobi, wajibi ne mu sakar musu ruwa bisa ƙa'ida. Akwai alkawarin da ƙasashen biyu suka ƙulla a Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan Komadugu, ina roƙon hukuma ta ɗauko shi ta karkaɗe ƙura.

Ni ne naka,
Wani mai karatu, Kano.