Ɗakin da Ke Riƙe da Katin Awonki

'Yar'uwa, kin taɓa tunanin inda bayanan awon cikinki suke kwana? Makon jiya na leƙa wurin. Wani ɗan ɗaki ne a bayan asibitinmu, babu taga, ga sanyi kamar asubar hunturu, sai ƙugin fankoki. Babbar kwamfutar da ake kira uwar garke tana cikin kabad ɗin ƙarfe, faya-fayan ajiya a jere, kowanne da 'yar fitilarsa. Duk koraye ne, ban da ɗaya mai ruwan ɗorawa. Wannan faifan ya mutu.

Injiniyan ya ce tsarin RAID 5 suke bi: ana rarraba bayanai a kan faya-fayan, in ɗaya ya lalace sauran su sake haɗa abin da ke cikinsa. Amma in na biyu ya bi shi kafin a canza, komai ya salwanta. Shi ya sa ya duba lambar faifan sau biyu, kamar yadda nake duba suna kafin allura, don kada ya zare mai lafiya. Ya zura sabo ba tare da kashe na'urar ba, aka kwana yana cika.

Hotunan 'ya'yanki fa, a waya ɗaya kawai suke? Ki kwafe su wani wuri yau.