Jijiyar da Aska Ba Ta Taɓa Samu Ba

A unguwar Hausawa ta New Bell, cikin birnin Duwala, akwai wani tsohon wanzami da ya gāji zabira daga mahaifinsa, wanda ya gangaro daga Garwa tun zamanin mulkin Faransawa. Unguwar kanta ta baƙi ce tun asali, domin Jamusawa ne suka ware wurin a 1914 lokacin da suka kori mutane daga bakin kogin Wuri. A nan tsohon ya yi shekara arba'in yana aski, yana yi wa jarirai askin suna, yana kafa ƙaho a gadon bayan mahauta da 'yan tsire. Ya san jikin mutum da yatsunsa, kuma ba ya son a yi masa musu a kan haka.

Da daminar nan mai ruwa ba ƙaƙƙautawa, cikinsa ya fara ci masa tuwo a ƙwarya. Zafi ne a ƙahon zuci, mai tashe shi cikin dare. Ya sha kanwa, ya sha saiwoyi, bai ga sauƙi ba. Ɗan ƙanwarsa, ɗalibi mai zaune a unguwar Village a kan hanyar Yawunde, shi ya ɗauke shi a babur zuwa wurin wani mai jinyar allurai irin ta Sinawa. Wannan jinya ba baƙuwa ba ce a Kamaru, tunda ayarin likitocin Sin suna zuwa ƙasar tun 1975, sun yi aiki a asibitocin Mbalmayo da Gidar. Mai jinyar Faransanci yake ji, tsohon kuwa Hausa da Fulatanci, sai yaron ya zama tafinta.

A jikin bango an liƙa hoton mutum tsirara, an zana masa layuka daga kai har ƙafa. Mai jinyar ya ɗora yatsa a kan ɗaya, ya ce sunansa méridien de l'estomac. Yaron ya yi jim, ya laluba cikin Hausarsa, ya ce, "Kawu, wai wannan ita ce jijiyar ciki."

Ya kamata ɗalibin Hausa ya tsaya a kan waɗannan kalmomi biyu, domin kowacce jaka ce mai faɗin baki. Jijiya tana nufin magudanar jini, tana nufin igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, tana nufin farin zaren da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, har saiwar itace wasu sukan kira ta haka. Ciki kuwa ya fi ta yalwa. Shi ne wurin da tuwo ke sauka, shi ne abin da mace ke ɗauka wata tara, a cikinsa ake farin ciki da baƙin ciki, kuma mai zurfin ciki ba hanjinsa ake nufi ba. Jakar abincin kanta sunanta tumbi, kalmar da ta fi yawa a bakin mahauta. Yaron bai yi ƙarya ba. Abin mamaki ma, tsohuwar kalmar Sinanci ta waɗannan layuka, wato mai, ita ma ta haɗa magudanar jini da wani abu da ya wuce jini. Amma a kunnen wanzami, jijiya abu ce da aska ke iya samu, jini ya fito.

Layin da aka nuna masa ɗaya ne daga cikin manyan layuka goma sha biyu. A lissafin Sinawa yana da gurabe 45 a kowane ɓari na jiki. Na farko yana ƙarƙashin ido. Daga nan ya kewaya baki da muƙamuƙi, reshe ɗaya ya hau gefen goshi, sannan ya gangara ta wuya, ya ratsa kan nono, ya wuce gefen cibiya, ya bi gaban cinya da gwiwa da ƙwauri, ya ƙare a gefen farcen yatsa ta biyu ta ƙafa. Abin da aka ce yana gudana a cikinsa shi ne qi, wani ƙarfin rai, wanda furucinsa ya yi kusa da namu ci. Tsohon da ya ji haka ya yi dariya, ya ce ashe Sinawa ma sun san inda rai yake.

Gurbi na 36 shi ne mafi shahara, sunansa Zusanli. Ana samunsa faɗin yatsu huɗu ƙasa da ƙoƙon gwiwa, ɗan gefe da ƙashin ƙwauri. Nan aka soka wa tsohon siririyar allura, ya ji wani nauyi yana bin ƙafar. Bai yi gardama ba, domin shi ma ya sha kafa ƙaho a ƙeya saboda ciwon da ke goshi. Magani nesa da ciwo ba sabon abu ba ne a sana'arsa. Ya kuma girmama tsufan ilimin da aka ba shi labari: rubuce-rubucen da aka tono a kabarin Mawangdui, wanda aka rufe a shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa, sun riga sun lissafa layuka goma sha ɗaya, a 1027 kuma likita Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumin tagulla mai hudojin guraben don koyar da ɗalibai. Wanzami yana ganin darajar abin da aka gāda.

Ya je sau shida, ya ce ya ji dama. Mai yiwuwa ya ji ɗin, tunda akwai binciken da ke nuna allurar tana rage wasu raɗaɗi, ko da yake masana suna ta ja-in-ja a kan dalilin. Matsalar ita ce hukuncin da ya yanke da kansa: tunda an taɓa jijiyar, an taɓa tushen cutar. Da 'yarsa ta yi masa maganar asibiti, ya ce an riga an gama. Makonni uku bayan haka bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin, jiri ya kayar da shi a ƙofar masallaci.

A asibiti aka ce gyambon ciki ne ya fara zubar da jini. Awo ya nuna ƙwayar cutar nan Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka gano a 1982, har suka sami kyautar Nobel a 2005. Ita wannan ana ganinta a madubin likita, kuma ƙwayoyin mako biyu sukan kashe ta. Layin tumbi kuwa, masu feɗe gawa don nazari ba su taɓa samun wata igiya ko bututu da ke bin wannan hanya daga ido zuwa yatsa ba. Taswira ce ta masu jinya, wadda suke tuna gurabe da ita.

Yaron ne abin ya fi damu. Yana zaune a bakin gado yana juya kalmar a ransa. Da ya ce hanya, ko layi, ko zane, wataƙila da tsohon ya tambaya wa ya zana. Ya ce, "Kawu, ni na ɓatar da kai. Ba jijiya ba ce irin wadda ka sani."

Tsohon ya daɗe bai amsa ba. Can ya ce, "Ɗana, ni ma na yi mamaki. Shekara arba'in ina tsaga ƙwauri, ban taɓa cin karo da ita ba, amma na ji kunyar in faɗa a gaban baƙo."

Ya sha ƙwayoyinsa har suka ƙare, aka hana shi kanwa da maganin ciwon jiki na kanti. Yanzu ya koma bakin aiki a inuwar rumfarsa. Yakan je a soka masa allura jefi-jefi saboda gwiwa, kuma idan abokan hira suka tambaye shi abin da ake sokawa, yakan ce hanyar Sinawa. Wani mahauci ya zo masa kwanan baya da zafin ƙahon zuci yana neman ƙaho. Tsohon ya tambaye shi launin bayan gidansa, ya mayar da ƙahon cikin zabira, ya kira masa mai babur.