Kwana Shida a Sawun Ƙudan Tsando

Litinin, Kaduna

Na iso gidan adana takardun tarihi na ƙasa da hantsi, hazo ya rufe gari ruf. Anchau ce ta kawo ni, ita da sabon garin da Turawan mulki suka zana a gefenta, aka raɗa masa suna Takalafiya. Da na fara kai maganar sashenmu na tarihi, cewa aka yi wannan ai gonar likitoci ce. Likitan da na tuntuɓa ya ce ta masana ƙwari ce. Da na ga kowa ya kakkaɓe hannu, sai na ɗauki fartanyata na shiga.

Na nemi fayilolin lardin Zazzau, masu lambar ZARPROF, da na ofishin sakataren lardunan Arewa, wato SNP. Takardun sun yi ja, gefensu yana marmashewa kamar busasshen ganyen kuka, dole sai a hankali ake juya su. Ban karanta abin kirki ba yau. Yinin ya ƙare wajen koyon rubutun hannun jami'an da suka riga kakana barin duniya.

Talata, Kaduna

Yau na zauna da rahoton T. A. M. Nash na 1948. Nash masanin ƙwari ne, shi ya riƙe aikin yaƙi da ciwon barci na Anchau da aka fara wajen 1937, daga baya kuma ya shugabanci cibiyar binciken ciwon barci da sammore ta Afirka ta Yamma da ke nan Kaduna a lokacin.

Sai yau na gane dalilin saran kurmin da aka yi a aikin. Ƙudan tsando, mai yaɗa ciwon barci, ba ya zuba ƙwai barkatai kamar sauro. Macen tana renon tsutsa guda ɗaya tak a cikinta, ta haife ta a ƙasa mai laushi ƙarƙashin inuwa, tsutsar ta nutse, bayan 'yan makonni ƙuda ya fito. Irin da ke ƙasar Zazzau na bakin rafi ne, zafi da bushewar rani suna kashe shi in ya rasa inuwa. To ina mutane suke zuwa ɗiban ruwa da wanki da rani? Daidai inda ƙudan ya fake. Saboda haka dabarar ita ce a sare sarƙaƙiyar bakin rafi, a haƙa rijiyoyi a cikin gari don a rage zuwa rafin, a kuma tattara ƙananan ƙauyuka wuri ɗaya, yadda za a sami isassun hannuwan da za su riƙa maimaita saran kowace shekara. Yankin da aka yi wa haka ya kai kusan murabba'in mil 700.

Hankalina ya kwanta da wannan lissafi, har na fara jin haushin kaina, don na zo ne da niyyar kama Bature da laifi. Amma wani abu ya tsaya mini a rai. Duk shafin da na buɗe, ana ƙirga rijiya, ana auna rafi, ana ƙirga kawuna. Masu kawunan ba su ce uffan ba.

Laraba, Zariya

Na kwana Samaru wurin wani abokina injiniyan ruwa. Da daddare matarsa, wadda likita ce, ta kawo mana tuwon masara miyar kuka, ta zauna aka buɗe muhawara.

Shi rijiyoyin kawai yake gani. Ya ce sirrin yana ga gina cikin rijiya da siminti, da ɗaga bakinta sama da ƙasa don kada ruwan da aka zubar ya koma ciki. Wannan kaɗai, in ji shi, ya isa ya kori kurkunu daga gari, ko da babu ƙudan tsando a duniya. Ita kuwa ta ce na bar rabin labarin a baya. Kafin a sari ko da reshe ɗaya, ma'aikatan ciwon barci sun bi ƙauye-ƙauye suna jera mutane, suna lalubar kaluluwa a wuya, suna tsira mata allura a duba ruwan a madubin likita. Wanda aka samu da cutar sai a yi ta yi masa allurar tryparsamide, maganin da ke da gubar asenik a ciki, wanda kan taɓa idon wasu har su makance. Melarsoprol da ya zo daga baya ya fi ƙarfi, amma yakan kashe kusan mutum ɗaya cikin ashirin da aka yi wa. Sai a 2018 aka amince da fexinidazole, ƙwaya ta haɗiya ta kwana goma. A shekarar ce kuma masu cutar da aka samu a duniya duka suka gaza dubu, akasarinsu a Kwango.

"To kai Malam," in ji ta, "me tarihi zai ƙara a nan?"

Na ce zan ba ta amsa in na dawo. Gaskiya ba ni da ita.

Alhamis, Anchau

Na iso bayan azahar. Na fara kai gaisuwa wurin mai unguwa, na nuna takardar jami'a, ya haɗa ni da wani yaro ya zaga da ni. Ko ba a faɗa maka ba za ka gane inda Takalafiya ta fara: lunguna su ƙare, tituna su miƙe samɓal da faɗi.

Yaron ya kai ni zauren wani dattijo da ya haura tamanin. A nan na tafka kuskuren da nake hana ɗalibaina. Ko gaisuwa ba ta gama sauka ba na zaro takardar tambayoyi ashirin da biyar, na kunna rakoda.

"Baba, me ke kawo ciwon barci?"

Ya dubi takardar, ya dubi rakodar. "Ƙudan tsando mana, ɗan nan. Ba haka kuke so a ce ba?"

Duk sauran amsoshin haka suka zo, gajeru, a goge, irin na wanda ya saba da baƙi masu biro. Na cike gurabe ashirin da biyar na fito hannu rabbana.

Juma'a, Anchau

Bayan an sauko daga masallaci na koma masauki na sake karanta maƙalar Horace Miner ta 1960. Miner masanin al'adu ne daga jami'ar Mishigan ta Amurka, ya zo nan bayan Turawan aikin sun tattara nasu ya nasu. Abin da ya tarar shi ne ana ci gaba da saran rafi, amma ba don an yarda cewa ƙuda ne ke kawo ciwon ba. Ana yi ne don umarni ne daga sama, kuma wasu daga cikin kurmin da aka sa a sare, mutane sun ɗauke su mazaunin iskoki.

A ofis na karanta wannan na ja masa layi, na rubuta "jahilci" a gefe. Yau na goge kalmar. Mutumin da ƙuda ya cije shi sau ɗari bai kwanta ba, maƙwabcinsa kuma ya fara gyangyaɗi wata da watanni bayan cizon da ya manta da shi, da wace hujja zai haɗa biyun? Su kansu Turawa sai a 1903, a Yuganda, David Bruce da abokan aikinsa suka tabbatar da alaƙar, su da ke da madubin likita a hannu.

Asabar, Anchau

Na koma wurin Baba da sassafe, ba takarda, ba rakoda, sai goro. Muka yi hirar tsadar taki da ciwon gwiwarsa. Can sai shi da kansa ya ɗauko zancen.

Ya ce yana saurayi ya yi saran rafi. Da an kawar da amfanin gona sai mai shela ya zaga, kowane gida ya fitar da namiji da adda. Wanda ya noƙe, dogari ne zai tambaye shi dalili. Abin da ya fi ci wa mahaifinsa rai, in ji shi, ba saran ba ne, tashin ne. An nuna musu fili mai kyau, an haƙa musu rijiya, amma kabarin kakanni da kukar da ake zama ƙarƙashinta suna can inda aka baro. Tsohon ya yi shekaru yana saɗaɗawa tsohon gidan da yamma, ya zauna shi kaɗai.

Na ce, "Baba, to rijiyar fa?"

"Rijiya kam alheri ce. Tunda muka sha ruwanta ban ƙara ganin kurkunu a gidanmu ba." Ya ɓare goro, ya miƙo mini rabi. "Shekaranjiya me ya hana ka tambaye ni wannan?"

Na ce ba ya cikin takardar.

Ya yi dariya har da tari, sannan ya ƙwala wa jikarsa kira, ya ce ta leƙa cikin gida ta gaya wa Inna baƙon nan zai shigo gaishe ta. Ita ce ta san zancen allurar, don an yi wa yayarta. Na roƙi izinin ɗauko rakoda daga masauki. Ya ce in bari tukuna, in fara jin ta da kunnena.