Kayan Nok suna Jos, yaran Nok ba su taɓa ganin su ba

'Yan ajinmu sun maƙala min sunan "Ɗan Nok" tun semistar farko. Yau maganar garin zan yi, sai ku yi haƙuri da tsawonta.

Duk wanda ya yi karatu a ƙasar nan ya taɓa rubuta kalmar Nok a takardar jarrabawa, ko a sakandare, ko a kwas ɗin nan na GST da ake tara mu ɗaruruwa a ɗaki guda a kan al'ummu da al'adun Najeriya. Nok, Ife, Benin, Igbo-Ukwu: a haddace, a zuba, a manta. Da yawanmu ba su san cewa Nok ƙauye ne da mutane ke kwana su tashi a cikinsa har yau ba. Yana Ƙaramar Hukumar Jaba, kusa da Kwoi, ƙasar mutanen Ham, inda noman citta ne babbar sana'a. Ni haifaffen Kafanchan ne, amma Yayata a Nok take aure, kuma 'ya'yanta huɗu duk can aka yanke musu cibiya. Binciken mastas ɗina a kan kasuwancin citta ne a Jaba da Kachia, shi ya sa duk sanda na baro Samaru don raba takardun tambayoyi, a gidanta nake sauka.

A zuwan da na yi na ƙarshe, babbar 'yarta, wadda ke aji ɗaya a ƙaramar sakandare, ta kawo min littafinta ta buɗe shafin da ke da hoton kan nan mai idanu masu kusurwa uku. Ta ce, "Kawu, malaminmu ya ce wannan na garinmu ne. To a wane gida yake?" Na ce mata akwai ɗan ƙaramin gidan tarihi a nan Nok, amma manyan kayan an kwashe su zuwa Jos da Kaduna da Legas, wasu ma suna ƙasar waje. Ta ce to a kai ta ta gani. Na ce to. Kun san "to" ɗin kawu a gaban yara, alkawari ne da ba a warwarewa. Kafin yamma duk layin ya ji cewa Kawu mai mastas zai kai yara birni.

Yadda kayan suka bar garin ba ɓoyayye ba ne. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a kusa da Nok, aka kai shi Jos. Wajen 1943 aka samu wani kan a yankin Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonarsa ta doya a matsayin mutum-mutumin tsorata ɓarayin gona. Wani jami'in Turawan mulki mai ilimin tonon kayan tarihi, Bernard Fagg, ya lura cewa kawunan biyu aikin al'umma ɗaya ne, sai ya ari sunan ƙauyen ya sa wa al'adar gaba ɗaya. Shi ne kuma ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Daga baya, musamman a shekarun 1990, mutane suka shiga daji da diga da shebur suna tono suna sayar wa dillalai a wulaƙance, kayan na tsallakawa Turai. A shekarar 2000 an baje wasu a gidan tarihi na Louvre a Paris, aka yi ta ce-ce-ku-ce, har Faransa ta amince cewa mallakar Najeriya ne, amma aka bar mata su aro na shekara 25. Wato yaron Paris na iya hawa jirgin ƙasa ya je ya ga kayan Nok ya koma gida cin abincin rana, 'yar Yayata kuwa sai a littafi.

To wane birni? Yaran Abuja suke so, ba tantama. Sun ji labarin Jabi Lake Mall da matakalar da ke tafiya da kanta. Daga Kwoi akwai hanyar da ke ɓullewa Keffi, amma duk wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson Mararaba da Nyanya da yaro mai jin fitsari a cinyarsa ya san abin da nake gudu. Ga shi wuraren kallon Abuja a warwatse suke: Millennium Park na Maitama, gidan namun dajin yara na Asokoro, Jabi na can gefe guda. Kowane tsalle kuɗin mota ne. Sannan kai yaran ƙauye kantin da ba za ka iya saya musu komai a ciki ba, a ganina ba yawon buɗe ido ba ne, tsokana ce. Kaduna ta fi kama hankali, don gidan tarihin da ke titin Ali Akilu na da kayan Nok, ga Gamji Gate a bakin kogi da tsohuwar gadar Lugard da aka ɗauko daga Zungeru. Amma hanyar Kachia ta yi tsawo ga tafiyar je-ka-dawo, kuma ba hanyar da zan so dare ya same ni a kanta da 'ya'yan mutane ba ce.

Jos ce ta ci, saboda dalili ɗaya tak: abubuwan da nake so su gani duk a haraba ɗaya suke, a tsakiyar gari, ba nisa da Taminus. Ka sauka sau ɗaya, sauran duk da ƙafa. Ga gidan tarihin da kayan Nok, ga zauren tukwane da aka tattaro daga sassan ƙasar nan, ga gidan zu a maƙwabtaka, ga tsofaffin kawunan jirgin ƙasa da motocin da, ga kuma filin gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina asalinsa. 'Yan Kano da Zazzau da ke karanta wannan, ku ma kayanku na can. Akwai kuma babban gandun namun daji da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, amma na cire shi daga tsari. Yana gefen gari, kuma da na ambace shi Yaya ta tuna labarin zakin da ya kuɓuce a can a Disambar 2015. Magana ta ƙare a nan.

Shawo kan Yaya ya fi komai wuya. Ta ce, "Kai ɗan boko, yawo ne ya dame ka. Ni 'ya'yana uku a mota ɗaya a kan hanyar Jos? In wani abu ya faru fa?" Ban yi mata dariya ba, don tsoronta na da tushe. Mu da muka tashi a Kafanchan mun ji labarin 1987 a bakin iyayenmu, mun ga 2011 da idonmu. Jos ma ta ga nata a 2001 da 2008 da 2010. Wanda ya taɓa kwana a daji da goyo ba a ce masa ya cika tsoro. Abin da na ce mata shi ne, "Yaya, kullum motoci na zuwa Jos daga tashar Kafanchan su dawo. In muka ce sai ranar da ƙasar nan ta kwanta lafiya lau za mu fita da yaran nan, za su yi aure ba su ga komai ba sai Kwoi ranar kasuwa." Ta yi shiru, sannan ta kafa sharuɗɗa: da ita za a je, ba kwana, direban da ta sani, kuma rana ba za ta faɗi muna kan hanya ba. Na karɓa duka.

Saboda haka tsarin ya zama kamar haka. Za su zo Kafanchan ranar Talata su kwana a gidan Mama. Laraba da ƙarfe 6:30 na safe mu kama hanya. Na zaɓi tsakiyar mako da gangan, don a Jos ana tare wasu tituna lokacin sallar Juma'a da kuma safiyar Lahadi, ga shi ƙarshen mako gidan zu cika yake yi. Makon kuma shi ne na bayan sabuwar shekara kafin a koma makaranta. Kafin Kirsimeti kuɗin mota na tashin gwauron zabo, ranar 1 ga Janairu kuwa bikin Afan ne a Kagoro, ba masaka tsinke. Hanya biyu ce: ta Kagoro da Manchok a ɓulle Vom, ko ta Gidan Waya a hau Hawan Kibo. Ta biyun za mu bi, don ita kanta kallo ce kyauta: ruwan Assop a gindin hawan, dutsen Riyom da duwatsunsa ke ɗore kan juna kamar wani ya jera su, sai Mararrabar Jama'a, wadda zan gaya wa yaran cewa sunan ƙasarmu take ɗauke da shi. Awa biyu da ɗoriya mun isa. Ƙarfe 3 na rana, ko an gama ko ba a gama ba, mun juyo.

Sai maganar kuɗi, inda ɗan mastas ke jin jiki. Ba ni da albashi. Abin da nake samu daga lesin ɗin yamma ne a Samaru, da taya 'yan ajin ƙarshe lissafin firojet ɗinsu a SPSS. Kuma wannan kuɗin shi ne na buga kwafe-kwafen semina ta ta biyu. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga nan kuma ta ci gaba da hawa, shatar mota ta zama abin da sai an zauna an yi shawara. Mijin Yaya ban tambaye shi ko sisi ba. A daminar 2023 ɗin nan cutar ruɓewa ta cinye cittar kudancin Kaduna, tasa gonar na ciki, har yau bai gama farfaɗowa ba. Shi da kansa ya kira ni ya ce zai ɗauki rabin kuɗin mai idan ya sayar da busasshiyar da yake shanyawa yanzu, amma ba zai samu zuwa ba saboda aikin. Sauran na shiga adashin 'yan ɗakinmu na roƙi ɗaukar Disamba. Wani abokina da ke Jami'ar Jos zai leƙa wurin mako guda kafin ranar ya tabbatar min da kuɗin shiga da lokacin buɗewa, kada mu kwaso yara mu tarar da ƙofa a rufe.

Abinci daga gida. Dafa-duka a kula, soyayyar doya, dafaffen ƙwai, zoɓo mai ƙanƙara a jarka. Abu ɗaya kawai na ware wa kuɗi a can: askirim, kowa ɗaya. A mota akwai leda da tsumma saboda kwane-kwanen Hawan Kibo, da 'yar ɗanyar citta a tauna in zuciya ta fara tashi, abin da ba sai mun saya ba. Jos na saman tudu, kimanin mita 1,200, sanyin Janairunta kuwa ba irin namu ba ne, don haka rigar sanyi da hula da safa dole ne. Yaya ta ce duk su sa ankon bikin da aka yi bara don a riƙa hango su daga nesa, ni kuma zan rubuta lambar wayata a takarda in sa wa kowa a aljihu.

Jerin masu tafiya sai da ya kai yara goma sha ɗaya. Kowace maƙwabciya ta turo nata da "a gaida Kawu". Na tsaya a kan cewa babba ɗaya ba zai riƙe fiye da yara biyu ba. Manya uku ne: ni, Yaya, da ƙanwar mijinta da ke karatu a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Yara biyar: uku na Yaya, biyu na wan mijinta. Sharon ɗaya ta ɗauke mu. An ji haushi na a layin, na sani, amma gara a ji haushi na da in dawo ina ƙirga kawuna ɗaya babu.

Na kuma tsara cewa gidan tarihi za mu fara shiga, tun suna da kuzari, kuma ba za mu wuce minti 40 a ciki ba. In aka fara da birai da jimina, babu yaron da zai tsaya kallon yumɓu. Ba lakca zan yi musu ba. Zan ce su duba kitso da tsakiyoyin da ke wuyan mutum-mutumin, su faɗa min wa suka yi kama da shi a gida. Zan nuna musu hujin ido da na hanci, in ce cikinsu rami ne, an gina su ne kamar yadda ake ginin tukunya. Masu bincike na Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, da suka fara aiki a yankin a 2005, sun nuna cewa mutanen sun zauna a nan tun kimanin shekara 3,500 da suka wuce, suna noman gero da wake, kuma an gano alamar kakin zuma a tukwanensu. Wannan na zuma na san zai burge na tsakiyan, don shi ne ɓarawon zumar gidan. A Taruga kusa da Abuja kuma an samu matoyar narka ƙarfe ta fiye da shekara 2,000. Abin da ba zan ce musu ba shi ne "kakanninku ne suka yi", yadda ake faɗa a wajen biki. Sunan ƙauyen aka ara, kuma an tono irin kayan daga nan har Katsina-Ala a Binuwai. Zan ce musu mutanen da suka riga su noma wannan ƙasar ne suka yi. Hakan ma ya isa yaro ya ɗaga kai.

Sufabaizana ya ba ni zuwa tsakiyar Janairu in mayar da gyaran babi na uku, don haka da kwamfuta zan tafi gida, in yi aiki da dare idan an kawo wuta. Direba ya karɓi kafin alƙalami. Mama ta yi odar dankalin Turawa da kabeji daga Farin Gada, na ce mata sai dai na bakin hanya, lokaci ba zai bari ba. Abin da ya rage shi ne auta, ɗan shekara uku, wanda aka yanke cewa zai zauna wajen Kakarsa a Kafanchan. Tun yanzu ya ɗauko takalminsa ya ajiye a bakin ƙofa. Yaya ta ce ni na kawo maganar tafiya, ni zan gaya masa. Na ce mata ina da semina.