Baƙon Kare a Kujama

A Kujama, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Chikun, a kan hanyar Kaduna zuwa Kachia, akwai wani tsohon mafarauci wanda ya yi shekaru yana shiga daji da karnukan gida, irin jajayen nan masu siririn jiki da gajeren gashi. Ran nan sai ɗansa, mai ɗan ciniki a Kaduna, ya zo gida rungume da wani kwikwiyo fari fat, gashi buzu-buzu kamar auduga. Ya ce sunan irinsa Samoyed, ya kuma faɗi kuɗin da ya biya. Tsohon ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Wane aiki ya iya?" Yaron ya ce, "Baba, ai wannan na ado ne."

Alhali kuwa asalin wannan kare ba na ado ba ne. Daga Saiberiya ya fito, can arewacin Rasha, inda sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Mutanen wurin, irin su ƙabilar Nenets, makiyaya ne, sai dai maimakon shanu wata irin barewa mai ƙahoni masu rassa suke kiwo. Karen shi ke tayar da garke, shi ke jan kaya a bisa dusar ƙanƙara, da dare kuma ya kwanta jikin iyalin gida ya ba su ɗumi. Saboda haka ya saba da mutane ƙwarai, har bai cika iya gadi ba.

A shekarar 1889 wani Bature, Ernest Kilburn-Scott, ya kai irinsa Ingila, daga nan ya bazu cikin duniya. Gashinsa rufi biyu ne, na ciki mai laushi da kauri, na waje mai tsawo. Gefen bakinsa kuma ya ɗan ɗaga sama kamar mai murmushi.

To, wannan gashin da ya ja hankalin yaron shi ya zama jidali. Da watan Maris ya kama, zafi ya haura digiri 35, sai kare ya daina cin abinci, ya kwanta gindin randa yana haki, harshe waje. Shi kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafin jikinsa. Wata rana da azahar ya miƙe ya faɗi. Tsohon ne ya jiƙa buhu ya shimfiɗa masa a inuwar mangwaro, ya yi ta yayyafa masa ruwa har ya farfaɗo.

Likitan dabbobi ya gargaɗe su kada su aske shi, domin gashin yana kare fatarsa daga rana. Ya ce a riƙa taje shi, kada ruwa ya yanke masa, kada ya fita sai da asuba ko bayan magariba. Ribar cinikin yaron ta koma man janareta da fanka.

Karen ya rayu, amma wuni yake a ɗaka, karnukan gida kuwa suna bin tsohon daji da tsakar rana. Da yaron ya zo yana kukan kashe kuɗi, sai uban ya ce, "Kai ka rabo shi da ƙasarsa, haƙƙinsa yana wuyanka. Ba ka da damar gajiya." Duk mai sha'awar irin wannan kare ya fara tambayar kansa ko zai iya saya masa sanyi kowace bazara.