Ƙauyen da ya ɗara Bagazan tudu

Saint-Véran ƙauye ne a yankin Queyras, cikin tsaunukan Alp na kudu maso gabashin Faransa, dab da iyakar Italiya. Yana zaune a tudun mita 2,042, wato ya ɗara ƙololuwar Bagazan, mai mita 2,022, wadda babu tudun da ya kai ta a Nijar. Mazaunansa ba su kai 300 ba. Na kwana uku a can cikin watan Yuli, kuma tun a hawan farko numfashina ya sheda mini inda nake.

Yawancin baƙi tafiyar ƙasa ke kawo su. Hanyar da ake kira GR 58, mai zagaye yankin, ta ratsa ƙauyen. Da sanyin safiya za ka ga tsofaffi da yara da sanduna sun nufi dutse, wasu har ɗakin duban taurari na Château-Renard, kusan mita 3,000. Na bi su rabin yini, gwiwoyina suka ce ya isa.

Ni dai gidajen ne suka riƙe ni. Ƙasan gida na dutse ne, samansa na gumagumai, an bar tazara tsakaninsu don iska ta busar da ciyawa. Rumbu ne a kan ɗaki. A gidan tarihi na Le Soum, ginin 1641, na ga ɗakin da iyali ke kwana tare da dabbobinsu, ɗumin shanu na taimaka musu su kai ƙarshen hunturu. An raba ƙauyen unguwa-unguwa da fili a tsakani saboda gobara, unguwanni da murhun gasa burodinsu da wurin ɗibar ruwa na itace.

A da, idan dusar ƙanƙara ta rufe gonaki, maza da yawa kan gangara birane neman kuɗi, su komo lokacin noma. Ɗan Tawa ba ya bukatar a fassara masa wannan. Cin rani ne, sai dai nasu na sanyi ne.

Duk abin da baƙi ke biyan kuɗi su gani a yau dabarar talaka ce ta tsira da rai. Jikokin waɗancan mutane ba su ji kunyarta ba. Sun adana lauje da akwatin itace, kuma sun san aikin kowane. Amma kada mu ruɗi kanmu: wasu gidajen a rufe suke sai lokacin hutu, masu kiwo sun ragu, ƙauyen ya dogara ga baƙi. Adana gini bai hana matasa tafiya ba.

Duk da haka sun riga mu abu guda. Mu muna jiran a ce gini na sarki ne kafin mu kira shi tarihi. Birnin Damagaram na da masu magana a kansa, tsohon garin Agadas ya shiga jerin UNESCO a 2013. To, wa ke magana kan rumbun laka na ƙauyen Dakwaro, ko kan maginin da ya san yadda ake ɗaga shi don gara da lema? Idan akwai irin wannan dattijo a garinku, ku zauna da shi bana, ku rubuta abin da ya sani, ku ɗauki hoton aikinsa tun siminti da tol ba su shafe shi ba.